Ɗan Viking ɗina ya ci garin 'yan Saxon, to yanzu yaya zai mulke su?

"Assalamu alaikum Malam. Ni marubuciya ce ta online, na fara wani littafi da ba irin wanda na saba yi ba, labarin wani sarkin yaƙi ne ɗan Viking, ni na ƙirƙire shi ba na gaske ba ne, ya zo da jiragen ruwa ya ci wani yanki na 'yan Saxon a Ingila ya zauna yana mulkinsu. Na yi babi huɗu duk yaƙi ne da ƙone-ƙone, yanzu ya ci garin kuma na rasa me zai yi. Dan Allah ta yaya irin waɗannan mutanen suke mulki in sun ci ƙasa? Wane zamani ya fi dacewa in saka shi? Kuma ina so ya auri 'yar gidan da ya ci da yaƙi, hakan zai yiwu?"

Wa alaikis salam 'yar'uwa, Allah ya ƙara basira. In na fahimce ki abu uku kike tambaya, wane zamani za ki ajiye mutumin nan naki, me zai yi da garin bayan ya ci shi, sai kuma maganar aure. Ta tsakiyar ita ce babba dan haka a kanta zan fi daɗewa. Ni dai tarihin Turai nake koyarwa, kuma nakan duba wa wasu marubuta rubutunsu kafin su sake shi, kusan duk wanda ya ɗauko labarin mayaƙi to a daidai inda kika tsaya ɗin nan yake cijewa, yaƙi ya ƙare sai a ɗora gogan a kan kujera yana ta zare ido yana sa ana sare kawunan mutane babi bayan babi har mai karatu ya ƙosa. Wanda ya yi irin wannan mulkin a Ingilar wancan lokacin ba zai kai shekara biyu ba, kuma ba 'yan Saxon ne za su fara gamawa da shi ba, yaransa ne.

Zamani da wuri

Harin da aka fi ambata a matsayin mafari shi ne na 793, lokacin da 'yan Viking, mayaƙan teku daga ƙasashen arewacin Turai irin su Denmak da Norwe, suka faɗa wa gidan zuhudu na tsibirin Lindisfarne a arewa maso gabashin Ingila, amma wannan zamanin kwasa ne kawai, a zo da bazara a wawushe a koma jirgi, babu maganar mulki. Abin ya canza ne a 865 da wata babbar runduna ta sauka a East Anglia kuma ba ta koma gida ba. A lokacin Ingila ba ƙasa ɗaya ba ce, manyan masarautu huɗu ne, Northumbria da Mercia da East Anglia da Wessex. Rundunar ta ci York a 866, a 867 sarakunan Northumbria biyu da ke rigimar sarauta tsakaninsu, Aelle da Osberht, suka haɗa kai suka zo ƙwato garin duka aka kashe su, a 869 aka kashe Edmund sarkin East Anglia, a 874 aka kori Burgred na Mercia ya tafi birnin Rum a can ya mutu. Wessex kaɗai ta rage, ita ma da ƙyar, dan a farkon 878 Guthrum, ɗaya daga cikin shugabannin rundunar, ya afka wa Chippenham cikin tsananin sanyi sai da sarki Alfred ya gudu ya ɓuya a fadamar Athelney, daga baya ya tara jama'a ya ci Guthrum a Edington a shekarar.

Akwai zamani na biyu, sarakunan York da suka zo ta Dublin daga 919 har zuwa 954, akwai kuma na uku, daga yaƙin Maldon a 991 har Knut ɗan Denmak ya zama sarkin Ingila gaba ɗaya a 1016. Na ukun nan an rubuta shi da yawa, kowane babban mutum an san sunansa da inda yake, in kika cusa wani sarkin ƙirƙira a ciki zai yi ta karo da mutanen gaske. Ni shawarata ki ɗauki tsakanin 877 da 917, kuma kar ki yi shi sarkin ƙasa guda, ki yi shi jarl, wato shugaban runduna mai gari ɗaya da ƙauyukan da ke kewaye da shi. Gabashin Ingila a shekarun nan haka yake, kowane gari da rundunarsa da shugabanta, Derby da Leicester da Lincoln da Nottingham da Stamford, ga Bedford ga Northampton ga Cambridge, kuma yawancin shugabannin nan ko sunansu bai zo mana ba. Fili ne a buɗe, naki zai shiga ya zauna ba wanda zai ce miki ƙarya kike.

Sai dai ki lura da abu ɗaya tunda kin ce Saxon. Mutanen York da Mercia da East Anglia asalinsu Angle ne, 'yan Saxon na ainihi suna kudu, Wessex da Sussex da Essex. In kina so kalmar ta zauna daram to ki kai shi Essex, garin Colchester misali ya kasance a hannun 'yan Viking na Denmak har 917. In kuma ba ki damu ba shikenan, masu fim ma duka Saxon suke kiran su.

Me zai yi bayan ya ci garin

Tambayar da nake fara yi wa ɗalibaina in mun zo nan ita ce, me mutanensa za su ci gobe? Nakan sa su yi lissafi a allo. Jirgin da aka tono a Gokstad ta Norwe a 1880 yana da gurbin matuƙa 32, to ki ce mutumin naki ya zo da jirage goma, kin ga ƙarti sama da ɗari uku kenan, ba mai noma a cikinsu ba mai niƙa, ga dawakai, ga hunturun da ba a samun komai a gona wata da watanni. In ya ƙone rumbuna ya karkashe manoma a babi na huɗu, a babi na shida yunwa ce za ta kashe shi. Wannan lissafin shi ne ya juya 'yan fashin teku suka zama masu mulki, kuma a matakai abin ya faru.

Matakin farko ba su hau gadon da kansu ba, ɗan gari suka nema suka ɗora. A Northumbria sun naɗa wani Ecgberht, a Mercia suka naɗa Ceolwulf, ya rantse musu ya ba da mutane jingina a kan cewa duk ranar da suka buƙaci ƙasar za su same ta a shirye. Marubutan Wessex sun kira shi wawan bafaden sarki, amma wannan zagin abokan hamayya ne, dan an samu kuɗin azurfa da aka buga iri ɗaya da sunansa da kuma sunan Alfred, wanda ke nuna Alfred ɗin ma ya ɗauke shi sarki a lokacin. Irin wannan mutumin dukiya ne a labari, ɗan gari da ya karɓi rawani daga hannun maƙiyi yana gaya wa kansa dan ya kare jama'arsa ya yi, kuma wataƙila ma da gaskiyarsa.

Mataki na biyu rabon ƙasa. Kundin tarihin shekara-shekara na Anglo-Saxon Chronicle ya ce a 876 Halfdan, wani shugaban rundunar, ya raba ƙasar Northumbria ga mutanensa suka shiga huɗa suna ciyar da kansu, a 877 aka raba wani sashe na Mercia, a 880 East Anglia. Amma kar ki ɗauka sun kori kowa ne suka kama garma. Abin da jarl yake ƙwacewa shi ne matsayin mai ƙasa, ya kori hakimin da ya tarar ko ya kashe shi, ya shiga zaurensa, manoma kuma suna nan inda suke, abin da suke kai wa na da shi za su kai wa na yanzu. Kuma mun san irin abin da ake kaiwa, dan dokokin sarki Ine na Wessex, wanda ya yi mulki daga 688 zuwa 726, sun lissafa abin da ƙasar da za ta riƙe gida goma za ta bayar: tulun zuma 10, burodi 300, giya iri biyu, shanu manya 2 ko raguna 10, dinya 10, kaji 20, cuku 10, man shanu, manyan kifi 5, harawa, da wani kifi mai kama da maciji guda 100. Ki ɗauki wannan jerin ki yi babi guda da shi, ranar kawo kaya, wakilin tsohon hakimi yana tsaye a ƙofar zaure yana ƙirga kaji shi kaɗai ya san wane ƙauye ne ke kawo zuma wane ne ke ɓoye shanu a daji, sabon maigida yana kallonsa ya san yana cutarsa amma in ya kashe shi ba wanda zai gaya masa komai. Wannan wakilin ya fi kowane barde muhimmanci a littafinki.

Sai jingina. Duk sulhun da aka yi a zamanin nan sai an karɓi 'ya'yan manya an ajiye, suna ci suna sha a zauren jarl ana wasa da su, amma kowa ya san abin da zai same su in iyayensu suka motsa. Kuma ba barazanar baki ba ce, a 1014 da Knut ya ga an juya masa baya ya sauke mutanen da aka ba mahaifinsa jingina a Sandwich bayan ya sa an yanke musu hannuwa da kunnuwa da hanci. Rantsuwa kuma ana yin ta ana karyawa, a 876 a Wareham sun rantse wa Alfred a kan munduwarsu mai tsarki cewa za su bar ƙasarsa, da dare ya yi suka hau dawakai suka sulale zuwa Exeter.

Yanzu babbar matsalarsa, yaransa. Mutanen nan ba sojan gwamnati ba ne, ba albashi, kowa da ra'ayin kansa ya biyo shi, wasu ma da jirginsu da nasu yaran suka zo, abin da ya haɗa su shi ne yana kai su inda ake samu kuma yana rabawa. Kamar dai yaran ɗan siyasa ne, ranar da hannu ya daina miƙowa za ki ga gida ya fara yin shiru ana komawa ƙofar wani. Mawaƙansu ma da kyauta suke yabon shugaba, mai raba mundaye. A sansanin da rundunar ta yi hunturun 872 zuwa 873 a Torksey bakin kogin Trent, wanda faɗinsa ya kai kusan hekta 55, an tsinci gutsattsarin azurfa da aka daddatsa, da duwatsun awo, da 'ya'yan dara na dalma rututu, kin ga hoton kenan, ƙarti suna zaune wata da watanni suna caca suna auna azurfa a sikeli suna jiran bazara. To ranar da mutumin naki ya ce an daina kai hari yanzu mu masu ƙasa ne, ya yanke musu hanyar samu. Dattawan ciki za su so gona da mata, samarin za su ce ba noma ya kawo su ba. Kuma duk lokacin da ya hana wani yaronsa ƙwace saniyar manomi ko ɗauke 'yar wani, a idon yaran ya zaɓi bare a kan nasa, in kuma ya ƙyale to baɗi ba mai kawo kaji. A tsakanin nan zai rayu kullum. Knut da ya fi kowa wayo a 1018 ya tatsi Ingila fam 72,000 na azurfa, Landan ita kaɗai ta ƙara 10,500, ya sallami yawancin rundunarsa da su suka koma gida ya riƙe jirage 40 kawai. Jarl ɗinki ba shi da irin wannan kuɗin, dan haka dole ya nemi wata dabara, ko ya riƙa tura masu zafin kan hari can nesa, ko ya raba musu ƙauyuka nesa da juna.

Coci da kuɗi da shari'a

Nan ne marubuta suka fi kuskure, sai su yi shi maƙiyin coci har abada. Eh sun wawushe gidajen zuhudu saboda nan dukiya take kuma ba masu gadi, kujerun bishop da dama a gabashin Ingila sun daɗe ba kowa a kai, amma wanda ya zo zama da wuri yake gane cewa malaman coci su ne masu rubutu, su ke riƙe da takardun ƙasa, su talakawa ke jin maganarsu. Bayan Edington Guthrum ya zo da manyan mutanensa 30 aka yi masa baftisma, wato wankan shiga Kiristanci, a Aller, Alfred ya zama ubansa na baftisma, aka sa masa suna Athelstan, ya yi kwana 12 a wurin Alfred aka cika shi da kyauta, kuma da ya koma East Anglia da wannan sunan na Kirista ya buga kuɗinsa har ya mutu a 890. Abin da ya fi wannan ban mamaki, kafin ƙarnin ya ƙare a yankin da 'yan Denmak ke mulki aka fara buga kuɗi da sunan Edmund a matsayin waliyyi, Edmund ɗin da iyayensu suka kashe a 869. A York akwai kuɗin da aka rubuta sunan waliyyi Bitrus a jiki kuma ga takobi ga gudumar Thor, abin bautar 'yan Viking, a kai. Malaman cocin waliyyi Cuthbert ma sun rubuta cewa su ne suka je wa rundunar suka sa aka fanshi wani yaro bawa mai suna Guthred aka saka masa munduwar zinariya a hannun dama aka naɗa shi sarki, shi kuma ya ba su ƙasar da ke tsakanin kogin Tyne da Wear. Ko an ƙara gishiri a labarin, Guthred dai sarki ne na gaske kuma a babban cocin York aka binne shi a 895. Akbishop Wulfstan na York kuwa ya riƙa bin bayan sarakunan Viking a kan na Wessex har sai da sarki Eadred ya kulle shi a 952.

Dan haka ki ba shi limamin coci guda, wanda suke buƙatar juna kuma ba su yarda da juna ba. Shigarsa Kiristanci in zai shiga kar ki yi ta kamar wa'azi ya ratsa shi dare ɗaya, ciniki ne, kuma zai iya rataya gicciye da gudumar Thor a wuya ɗaya shekara da shekaru, yaransa na gefe suna gunaguni.

Shari'a kuma ta diyya ce a ɓangarorin biyu, wannan ya sauƙaƙa zaman. A Wessex diyyar talakan da ba bawa ba sule 200 ce, ta hakimi 1200. Yarjejeniyar Alfred da Guthrum tana nan har yau, ta ja iyaka daga kogin Thames a bi kogin Lea har mafarinsa, a miƙe zuwa Bedford, a bi kogin Ouse zuwa tsohuwar hanyar Rumawa ta Watling Street, sannan ta daidaita diyyar Ba'ingile da ɗan Denmak, ta kuma ce wanda zai tsallaka iyaka ciniki sai an ba da jingina. Ana yanke hukunci ne a taron jama'a a fili, a gindin bishiya ko kan tudu, mutum ya kawo masu rantsuwa su mara masa baya. Ki gwada wannan: yaron jarl ya kashe manomi, dangin mamaci sun zo taro suna neman diyya a gaban kowa, duk garin da duk rundunar sun zuba ido su ga me zai ce. Kar kuma ki manta da bayi, ɓangarorin biyu duka suna da su kuma suna sayarwa, har a ƙidayar 1086 kusan mutum ɗaya cikin goma da aka lissafa a Ingila bawa ne.

Maganar aure

Zai yiwu ƙwarai, ai shi ne ma hanyar da aka fi bi. Sihtric sarkin York ya auri 'yar'uwar sarki Athelstan jikan Alfred a Tamworth a 926. A 1017 Knut ya auri Emma matar sarki Ethelred da ya rasu a 1016, alhali tun kafin nan yana da wata matar 'yar Ingila, Elfgifu ta Northampton, wadda aka kashe mahaifinta aka makantar da 'yan'uwanta maza biyu a 1006 a zamanin Ethelred ɗin. Ki dubi wannan da kyau, yarinyar da sarkinta na gida ya yi wa haka, wa kike ganin za ta kira maƙiyi? Ba dole ba ne jarumarki ta zama mai kuka a ɗaki tana jiran zuciyarta ta karkata, tana iya shiga auren da nata lissafin.

Kuma matan manyan gida a Ingilar lokacin suna mallakar ƙasa, suna gado, suna barin wasiyya, akwai kyautar da miji ke ba amarya washegarin aure wadda ta zama tata ta kanta, sau da yawa gona ce ko ƙauye. To shi abin da yake nema a auren ba kyau kaɗai ba ne, in ya auri 'yar hakimin da ya kashe ko matarsa, ƙasar da ya ƙwata da gatari ta zama ƙasar da ɗansa zai gada ta wajen uwa, manoma su samu hujjar yin biyayya ba tare da sun ji sun ci amana ba. Ita kuma ta san haka, nan ƙarfinta yake. In kina son ganin iya inda mace ta kai a zamanin, Ethelflaed 'yar Alfred ta mulki Mercia da kanta bayan mutuwar mijinta a 911, ta gina garuruwa masu ganuwa, ta ƙwace Derby a 917, Leicester ta miƙa mata wuya a 918. 'Ya'yan irin wannan zaman kuwa da sauri suke narkewa, Oda da ya zama akbishop na Canterbury a 941 an rubuta cewa mahaifinsa ɗan Denmak ne da ya zo tare da babbar rundunar nan. Yadda soyayyar za ta ginu tsakaninsu kuma wannan fagenku ne, kin fi ni sani nesa ba kusa ba.

Ƙananan abubuwan da ke tona asiri

Kwalkwali mai ƙaho babu shi, masu zane da masu wasan dandamali na ƙarni na 19 ne suka ƙaƙaba musu, wanda aka tono a Gjermundbu ta Norwe a 1943 ƙarfe ne zagayayye mai kariyar ido. Yawancin mayaƙa ma mashi da garkuwar katako ne kayansu, takobi da sulke sai mai hali. Suna hawan doki su je wurin yaƙi amma a ƙasa suke yin sa, garkuwa jikin garkuwa. Ƙaton gidan sarki na dutse mai hasumiya sai bayan 1066 da Normawa suka zo daga Faransa, naki a dogon zauren katako zai zauna mai rufin ciyawa, wuta a tsakiya hayaƙi na fita ta sama, karnuka a ƙarƙashin benci, dutse sai a wasu coci-coci da tsofaffin ganuwar Rumawa. Ba dankali ba tumatir ba masara, waɗannan daga Amurka suka zo bayan ɗaruruwan shekaru, abincinsu sha'ir ne da alkama da wake da kifi da naman alade da giya. Ba kya buƙatar tafinta sosai, harsunan biyu 'yan'uwa ne, da ɗan haƙuri da nuni suna fahimtar juna a kasuwa, kuma rashin fahimtar da ke faruwa a tsakani abin dariya ne da za ki iya amfani da shi. Kar kuma ki yi su ƙazamai, matajin ƙaho yana cikin abin da aka fi tonowa a wurarensu, har wani marubucin Ingila na ƙarni na 13 ya yi ƙorafin cewa suna taje kai kullum suna wanka ran Asabar shi ya sa suke sace zuciyar matan mutane.

Wani abin da zai yi wa masu karatunki daɗi, azurfar da ke hannun mutanen nan da yawanta dirhamin ƙasashen Musulmi ne da ya biyo ta kogunan Rasha. A taskar da aka tono a Cuerdale a 1840, mai abu sama da 8,600, akwai dirhamai, a wadda aka samu kusa da Harrogate a 2007 akwai na Samarƙand, a tonon unguwar Coppergate ta York tsakanin 1976 da 1981 an samu hular alharini da wuri irin na Bahar Maliya. Ibn Fadlan ya haɗu da 'yan'uwansu a bakin kogin Volga a 922, Larabawan Andalus kuma Majus suke kiran su tun harin da suka kai Ishbiliya a 844. Jarl ɗinki zai iya ciro tsabar da aka rubuta kalmar shahada a jiki ya datsa ta biyu ya biya mai jirgi, bai san me aka rubuta ba.

Iyakar abin kuma ita ce kusan duk rubutun da muke da shi na zamanin daga hannun malaman coci ya fito, mafi yawa na ɓangaren Wessex, su 'yan Viking ɗin Ingila ba su bar mana labarinsu da bakinsu ba, hikayoyinsu a Iceland aka rubuta su bayan shekara ɗari uku da wani abu. Shahararren kisan nan da ake cewa suna buɗe haƙarƙarin mutum ta baya daga irin waɗannan hikayoyin ya fito, masana da yawa ba su yarda an yi shi ba, in za ki saka ki saka shi a matsayin jita-jitar da ke tsorata ƙauye. Yawan rundunar ma an daɗe ana gardama, wasu sun ce ɗaruruwa ne, girman sansanin Torksey ya sa yanzu an fi karkata ga dubbai.

Ƙarshen irin su kuwa kala-kala ne ki zaɓa. Jarl Thurcytel na Bedford ya miƙa wuya ga Edward ɗan Alfred a 914, bayan shekara biyu ya kwashi waɗanda za su bi shi ya tsallaka Faransa. Thurferth na Northampton ya miƙa wuya a 917. Eric na York an kore shi a 954 aka kashe shi a hanya a Stainmore. In kuma Colchester kika zaɓa, a 917 ne mutanen Kent da Surrey da Essex suka taru suka kewaye garin suka ci shi, suka kashe duk wanda suka samu a ciki sai waɗanda suka tsere ta kan ganuwa, in mutumin naki ya zo yana saurayi a shekarun 870 to a lokacin ya haura sittin, 'ya'yansa kuma dangin uwarsu suna cikin masu kewaye garin, sai ki yanke wane gefen ganuwar kowannensu zai tsaya.